Jirgin Ruwa Mai Filafilai: Ƙarami Za Ka Saya Ko Babba?

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a ƙofar gida a Birni, shayi na biyu yana kan gawayi, sai saƙon murya ya shigo wayata daga ɗan ƙanwata da ke aikin walda a La Rochelle, can bakin tekun Faransa. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida sai ya ce: "Kawu, na tara ɗan abin da Allah ya hore. Jirage biyu na gani, duka na hannu. Ɗaya mita 9, ɗayan ya kusa mita 14, kuma kuɗinsu bai yi nisa da juna ba don babban ya fi tsufa. Maiɗakina ta ce in tambaye ka kafin in ba da ko dala."

Ni ya tambaya saboda na daɗe a wannan aiki. Da gyaran inji na fara a tashar Lome, daga nan na koma Dakar, a mashigin Hann inda jiragen masu yawon teku ke jefa anka (ƙugiyar ƙarfen da ke tsayar da jirgi wuri ɗaya), na yi shekaru ina gyara musu inji, wani lokaci su ɗauke ni ma'aikaci a tafiya. Yanzu 'ya'yan Damagaram sun bazu daga Kwatano har Marsai, kuma ba shi kaɗai ne teku ta shiga ransa ba. Don haka na ga gara in rubuta amsar a fili.

Matsayina shi ne: ka sayi mafi ƙanƙantar jirgin da zai ɗauki mutanenka da guzurinsu zuwa inda kake nufi, wanda mafi raunin cikinku zai iya sarrafawa shi kaɗai cikin dare, kuma wanda zai bar maka kuɗi a aljihu. Ga yadda ake gano wannan jirgin.

Mataki na farko: rubuta tafiyar kafin ka kalli jirgi

Madugun da zai kai ayari Bilma ba ya fara da zaɓen raƙumi. Yakan fara da ƙidayar kwanaki da rijiyoyi da nauyin kaya. Kai ma ɗauki takarda ka amsa tambayoyi uku, kuma ka faɗa wa kanka gaskiya.

Ina za ka riƙa zuwa? Akwai bambanci tsakanin mai fita ranar Asabar ya kwana a wani tsibiri kusa ya dawo Lahadi, da mai son gangarowa daga Faransa zuwa tsibiran Kanari, ya wuce Dakar, ko ya tsallaka Atlantika. Kwana nawa za ka yi a cikin jirgin a shekara? Wanda ke da hutun mako biyar ba ya bukatar gidan da ke yawo a kan ruwa. Sai ta ukun, wadda mutane suka fi yi wa kansu ƙarya a kanta: su wa za su kasance tare da kai kullum? Ba waɗanda suka ce "in ka saya za mu zo" ba. Na ga jirage masu ɗaki huɗu da yawa a Hann, kuma kusan duka mutum biyu ne a ciki, miji da mata, sauran ɗakunan an cika su da igiyoyi da kwalaye. Baƙo yakan zo na mako ɗaya, amma kuɗin ɗakinsa shekara guda kake biya.

Mataki na biyu: fahimci yadda girma ke ninkuwa

Wannan shi ne lissafin da dillali ba zai yi maka ba, kuma duk sauran maganar a kansa ta ginu.

Jirgi mai ƙafa 30 mita 9 ne da 'yan kai. Mai ƙafa 45 mita 13.7 ne. A ido, an ƙara rabin tsawo ne kawai. Amma jirgi ba a tsawo kaɗai yake girma ba: faɗinsa na ƙaruwa, zurfinsa ma na ƙaruwa. Duk abin da ake aunawa da shimfiɗa, kamar filafilai da fatar jirgin da za a shafa wa fenti, yakan ninku wajen sau biyu da kwata. Abin da ake aunawa da nauyi kuwa yakan ninku wajen sau uku. Shi ya sa ƙaramin ke da nauyin tan 4 ko kusa da haka, babban kuma tan 10 zuwa 13. Filafilan ƙaramin ba su wuce murabba'in mita 40 zuwa 45 ba, na babban suna kai 90 zuwa 100.

Duk wanda ya taɓa gini ya san wannan. Ɗaki mai taku huɗu da mai taku shida ba bambancin taku biyu ba ne a wajen kwano da azara da siminti.

Ga kuma iska. Ƙarfin da take bugun filafili da shi yana bin saurinta ninki a kan ninki: in saurin iska ya ninka biyu, ƙarfin bugunta ya ninka huɗu. Haɗa wannan da filafilin da ya fi na ƙaramin girma sau biyu, ka ga irin nauyin da ke kan igiyar da za ka riƙe.

Mataki na uku: auna jirgin da ƙarfin mafi rauni a cikinku

Nan zan daɗe, don nan ne rai yake.

A doguwar tafiya ta mutum biyu, gadi ake yi bi da bi, awa uku ko huɗu kowa. Ma'ana rabin tafiyar, mutum ɗaya ne a farke. In kai da matarka ne, to rabin tafiyar ita ce matuƙiya. In ka zame ka karya haƙarƙari, ko zazzaɓi ya kwantar da kai, tafiyar duka ta koma hannunta. Saboda haka tambayar ba "zan iya da wannan jirgi?" ba ce. Tambayar ita ce: za ta iya rage filafili ita kaɗai ƙarfe uku na dare, jirgi a karkace, ruwa na watso mata a fuska?

Ɗauki anka misali, don ita ce ta fi sauƙin aunawa. Jirgi mai mita 9 yakan ɗauki anka mai kilo 10 zuwa 12 da sarƙa mai kaurin milimita 8, wadda kowace mitarta ke da nauyin kilo 1.4. Mai mita 14 yana son anka mai kilo 20 zuwa 25 da sarƙa mai milimita 10, kilo 2.3 kowace mita. In ka jefa anka a ruwa mai zurfin mita 10, lokacin ɗagowa kana jan anka tare da mita 10 na sarƙa a tsaye. A ƙaramin jirgi wannan kamar bido ɗaya ne na ruwa mai lita 25, abin da mace ke ɗagowa daga amalanken mai ruwa. A babban kuwa ya kusa buhun siminti, kuma kana jan sa ne a sunkuye a goshin jirgin da ke sama da ƙasa.

Za a ce maka akwai winshin lantarki, injin da ke jan sarƙar anka, danna maɓalli kawai. Gaskiya ne, kuma yana aiki da kyau har ranar da ya ƙi. Wata shekara ina aiki a wani jirgi mai mita 15 na wani dattijo da matarsa, mun kwana a bakin kogin Kazamans, a kudancin Senegal. Da asuba iska ta juya, anka ta fara ja, muna matsawa wajen tudun yashi. Dattijon ya taka maɓalli, winshi ya yi ƙara ɗaya ya yi shiru: gishiri ya ci wayar da ke ƙarƙashinsa. Mu biyu muka ja sarƙar da hannu, matar tana riƙe da sitiyari tana tura jirgin gaba da inji a hankali. Kowane ja, mita ɗaya, sai mu maƙale sarƙar mu yi numfashi. Tsatsa da laka suka cika tafin hannuna, fata ta saluɓe a gindin yatsu. Mun yi fiye da rabin awa. Da su biyu ne kawai, babu abin da ya rage musu sai su saki sarƙar gaba ɗaya su bar ta a ƙasan ruwa. A jirgi mai mita 9, wannan aikin minti goma ne na mutum ɗaya.

Haka abin yake wajen shiga tasha. Jirgi mai tan 4 in ya ɗan kauce, mutum a kan dandamali yana iya tare shi da igiya ya daidaita. Mai tan 12 ba a sa masa hannu ko ƙafa tsakaninsa da bango, ko da tafiyar hawainiya yake, don zai murƙushe ƙashi. Kuma gefensa ya fi tsayi daga ruwa: iska ta fi samun abin turawa, kuma in wani ya faɗa ruwa, ɗago shi da jiƙaƙƙun kaya ya fi wuya.

To ga abin da za ka yi da hannunka. Ku je jirgin tare da wanda zai zama abokin tafiyarka. A kashe duk wani abu na lantarki. Shi, ba kai ba, ya ɗaga babban filafili har ƙololuwar jigo, wato dogon sandan da ke ɗauke da filafilai, ya sauke, ya rage shi. Ya ɗauko jakar filafilin gaba daga ciki ya kai ta goshin jirgi. Ya ɗago anka. In ya yi duka ba tare da ka sa hannu ba, jirgin ya ci wannan jarrabawa. In ya kasa a cikin tasha, ruwa kwance, rana tsaka, to a teku ba a magana.

Mataki na huɗu: ruwa da guzuri

Mu mutanen Damagaram ba sai an koya mana tattalin ruwa ba. Wanda ya tashi yana jiran famfo ya kawo cikin dare, ko yana bin 'yan ga-ruwa a watan bazara, ya riga ya fi yawancin masu jirage sanin darajar lita guda. A nan ne kuma babban jirgi ya fara nuna fifikonsa, don haka a yi lissafin da kyau.

Masu teku suna auna nisa da mil na teku, mita 1,852, saurin mil ɗaya a awa kuma su ce not ɗaya. Jirgi irin wannan yana da iyakar gudu wadda tsawonsa a kan layin ruwa ke yankewa: ka ɗauki tushen murabba'in tsawon da ƙafa, ka ninka da 1.34. In layin ruwan ƙafa 25 ne, iyakarsa not 6.7. In ƙafa 40 ne, not 8.5. A tafiya ta gaske ba a riƙe wannan gudu dare da rana, amma tazarar tana nan.

Daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa Santa Lusiya a yankin Karibiyan wajen mil 2,700 ne, kilomita 5,000 ke nan, kamar ka yi Zinder zuwa Yamai sau biyar da rabi. Wannan ce hanyar ayarin jiragen da ake kira ARC, wanda Jimmy Cornell ya fara a 1986, kuma yake tashi kowane watan Nuwamba, lokacin da damunar guguwar Atlantika ke ƙarewa. Iskar da ke tura su daga arewa maso gabas 'yar'uwar iskar hunturunmu ce, har ƙurarmu takan kai tsibiran Kap Ber ta rufe sararin sama. Jirgin da ke cin mil 115 a yini zai yi kwana 23 ko 24 a wannan hanya. Mai cin mil 160 zai yi kwana 17. Mako guda ke nan na bambanci.

Yanzu lissafa ruwa. Ba kowa lita 5 a yini, na sha da girki. Mutum biyu, kwana 24, ka ƙara sulusi saboda iska na iya ɗaukewa: kwana 32, lita 320, bido 13. Ƙaramin jirgi zai ɗauka, ko da tankinsa bai kai ba, a ɗaure sauran a bidoji ƙasa-ƙasa kusa da tsakiya. Amma in kun kai huɗu, lita 640 ne, fiye da rabin tan, ban da shinkafa da gazuwal da kayan gyara da nauyin mutanen kansu. Jirgi mai tan 4 in ka ɗora masa tan ɗaya da rabi ya nutse cikin ruwa fiye da layinsa, ya yi nauyin tashi, igiyar ruwa ta riƙa hawa kansa. Babban kuwa ko a jikinsa. Akwai na'urar tace ruwan teku, tana da amfani, amma ina lissafa ta a matsayin ƙari ne kawai, don tana cin lantarki kuma tana lalacewa.

Abu ɗaya da ke rage wa Musulmi nauyi: ruwan teku mai tsarki ne, hadisi ya tabbatar, ana alwala da shi. Guga da igiya sun isa, ba sai ka taɓa na sha ba.

Mataki na biyar: zama a ciki

Shiga cikin jirgin ka tsaya a miƙe. In kanka na taɓa rufi, za ka gaji da shi cikin mako ɗaya. Kwanta a gadon ka miƙe ƙafa. Shiga bayi ka rufe ƙofa ka ga ko za ka iya juyawa. Nemi inda za ka shimfiɗa darduma: a jirgi mai mita 9 wurin yakan zama siririn filin da ke tsakanin kujeru biyu, kuma in teku ta tashi a zaune za ka yi sallarka, ka duba alƙibla da kamfas.

Sai maganar sutura, wadda a wurinmu ba ƙarama ba ce. Miji da mata da ƙaramin yaro suna zama lafiya a mita 9. Amma in za ka ɗauki ƙaninka baligi, ko surukarka, ko 'ya'ya maza da mata da suka fara girma, kana bukatar ɗakuna biyu masu ƙofa ta gaske, ba labule ba. Wannan yakan fara samuwa da kyau daga mita 10 zuwa 11. Ina ɗaukar wannan dalili da muhimmanci fiye da gudu, don takurar da ke hana mace sakewa a cikin jirgi ita ce ke sa ta ƙi sake hawa.

Babban jirgi kuma ya fi taushin motsi. Ƙarami yana tsalle da kowace igiya, babba yana ratsa ta. Mai saurin jiri da amai zai ji bambancin.

Mataki na shida: shin babba ya fi tsaro?

Eh, ta fuska ɗaya. Igiyar ruwa mai fashewa wadda tsayinta ya wuce faɗin jirgi, in ta same shi a gefe, tana iya kifar da shi. Tunda babban ya fi faɗi da nauyi, sai igiya mafi girma ce za ta yi masa haka, kuma saurinsa na rage kwanakin da zai yi a fili. A gasar Fastnet ta watan Agusta 1979, tsakanin Ingila da Ailan, jirage 303 suka tashi, guguwa ta same su, 'yan gasa 15 suka rasu, kuma ƙananan jiragen ne suka fi shan wuya.

Amma a wannan gasa ɗin dai, a rukunin mafi ƙanana, jirgi ɗaya da ya kammala shi ne Assent, ƙirar Contessa 32, wanda bai kai mita 10 ba. Kuma daga jirage 24 da mutanensu suka gudu suka bari, 19 an same su daga baya suna kan ruwa. Robin Knox-Johnston, mutum na farko da ya zagaya duniya shi kaɗai ba tsayawa, daga 1968 zuwa 1969, kwana 312, ya yi ne a Suhaili mai ƙafa 32. Jessica Watson 'yar Ostireliya ta yi nata zagayen tana da shekara 16 a jirgi mai ƙafa 34. Jean-Luc Van Den Heede ya ci gasar Golden Globe, ta zagaya duniya mutum shi kaɗai, da aka fara a 2018 yana da shekara 73, a jirgi mai ƙafa 36, Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu kuma ta ci wadda aka fara a 2022 a jirgi mai tsawo iri ɗaya. Dubi waɗannan tsawon: yarinya da dattijo duk sun tsaya tsakanin mita 10 da 11, inda jirgi ke da nauyin jure teku amma bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba.

Abin da za ka duba, saboda haka, ƙira ce da lafiyar jirgi. Jiragen da aka sayar sababbi a Turai tun 1998 suna ɗauke da ɗan allo mai harafi. A na nufin an ƙera shi don tsakiyar teku, iska fiye da mataki na 8 a ma'aunin Bofor na ƙarfin iska, da igiyar ruwa fiye da mita 4. B har zuwa mataki na 8 da mita 4. C na kusa da gaɓa ne, mataki na 6 da mita 2. D na ruwa kwance. Ƙaramin jirgi mai lafiyayyun wayoyin ƙarfe masu riƙe jigo ya fi babban da jigonsa ke tsaye a kan ruɓaɓɓun wayoyi tsaro nesa ba kusa ba.

Mataki na bakwai: inda babba ba ya shiga

In Afirka ta Yamma ce a ranka, ka kula da abu biyu. Gindin ƙarfen da ke hana jirgi kifewa yana nutsewa wajen mita 1.5 zuwa 1.7 a ƙaramin, mita 2 ko fiye a babban. A Salum da Kazamans na Senegal da tsibiran Bijagos na Gini Bisau, inda tudun yashi ke sauya wuri, rabin mita ne ke raba mai shiga lungu ya kwana lafiya da mai tsayawa a waje. Na biyu tsayin jigo: tun da aka buɗe gadar Senegambiya kusa da Farafenni a 2019, mai dogon jigo sai ya auna kafin ya yi niyyar haurawa kogin Gambiya. Jigon ƙaramin wajen mita 13 ko 14 ne daga ruwa, na babban yana kusan 20. Ka tuna kuma wuraren da ke da injin ɗaga jirgi daga ruwa ba su da yawa a gaɓarmu, kuma ƙarami ya fi samun mai ɗaga shi.

Mataki na takwas: kuɗin da ke zuwa bayan saye

Ɗana ya ce kuɗin jiragen biyu bai yi nisa da juna ba. A nan tarkon yake. Tsohon babban jirgi yana araha ne don mai shi ya gaji da ciyar da shi. Kamar a ba ka doki a farashin jaki ne: ranar saye ka yi murna, amma dawa da harawa kullum ne.

Je ofishin tashar da za ka ajiye shi ka karɓi takardar farashi. Da tsawo ake biya, ka duba layin mita 9 da na mita 14. Tambayi kuɗin fitar da shi daga ruwa da mayarwa, don kusan kowace shekara sai an kankare gindinsa an shafa fentin da ke hana ciyawa da ƙananan dodon koɗi mannewa. Je wajen mai ɗinkin filafilai ya ba ka farashin sababbi na kowanne. Wayoyin ƙarfe da ke riƙe da jigo, kamfanonin inshora da yawa suna son a sauya su duk bayan shekara goma, kuma na babban sun fi kauri da tsawo. Injin ƙaramin, Yanmar ko Volvo Penta mai ƙarfin doki 20, yana shan gazuwal lita biyu ko ƙasa da haka a awa. Na babban mai doki 50 zuwa 55 yana shan wajen ninki biyu. A Faransa akwai harajin shekara a kan jirage daga mita 7 zuwa sama, yana hawa da tsawo. Babban kuma yana da bayi biyu, famfuna da yawa, batura da yawa, kowanne da ranar mutuwarsa.

Masu jirage sukan ce ka ware kashi 10 cikin 100 na darajar jirgi kowace shekara don kula da shi. A tsohon babban jirgi da aka saya da araha, kashi goman bai isa ba, don kayan gyara ba su san nawa ka saye shi ba. Dokata ita ce: kada kuɗin saye ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da ka tara. Kuma kai ɗan Damagaram ne, akwai masu jiran saƙonka ƙarshen wata. Rubuta kuɗin shekara na kowane jirgi da yuro, ka ninka da 656 ka gan shi da sefa, ka ajiye shi kusa da abin da kake aikowa gida. In jirgi zai taɓa wannan, ya yi maka girma.

Mataki na tara: gwada, sannan a duba

Kada ka yi cinikin biri a sama. Kafin ka saya, yi hayar jirgi mai girman kowanne na 'yan kwanaki, ko ka shiga makarantar tuƙi irin Glénans da ke koyarwa tun 1947. A Faransa ba a neman lasisin tuƙi ga jirgi mai filafilai a teku, amma rashin neman takarda ba ya nufin an iya. Fita a ranar da iska ke da ƙarfi, ka shiga tasha da kanka sau da yawa.

In ka tsai da ɗaya, biya ƙwararren mai duba jirage wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa. A fitar da jirgin daga ruwa. A duba fatarsa ko ta yi ƙuraje, alamar ruwa ya shiga cikin roba. A ɗaga katakon daɓe a ga ƙusoshin da ke riƙe da gindin ƙarfe. Taka ko'ina a saman jirgin ba takalmi, inda ya lotsa ƙarƙashin ƙafarka ruwa ya ruɓar da cikinsa. Sa hannu a injin kafin a tayar, ya zama da sanyi, don mai sayarwa da ya ɗumama shi kafin ka zo yana ɓoye wahalar tashi ne. Nemi takardun mallaka da rasitan gyara.

Da shayi na uku ya sauka na mayar wa ɗana amsa. Na ce masa: ku biyu ne da jariri, hutunka mako biyar, burinka na kusa tsibiran da ke gaban La Rochelle, na nesa kuma Dakar wata rana. Ka bar mai mita 14. Ka kai maiɗakinka ta ɗaga filafilin mai mita 9 ta ja ankarsa, in ta iya ka kira mai dubawa. In kuma kana ganin mahaifiyarka za ta zo ta hau, ka ƙara haƙuri ka nemi mai mita 10 ko 11 mai ɗaki biyu. Ya ce Asabar za su je. Na ce ya ɗaga katakon daɓe ya ɗauko mini hoton ƙusoshin gindin, da na wayar da ke ƙarƙashin winshi, ya turo kafin ya yi maganar kuɗi da kowa.